Mitar da aka saka mana: da gaske tana kawo ciwo, ko masu baifas ne ke yaɗa zancen?

Ɗan_Gesse:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Wata biyu ke nan da aka saka mana sabuwar mita a gidanmu nan Birnin Kebbi. Ita mitar tana manne a katangar waje, daidai bayan ɗakin mahaifiyata. Ɗan ƙaramin abin nan da ake danna lambobin kati kuma yana cikin ɗakinta, domin nan ne soket ya fi kusa. Yau mako uku Inna tana kukan ciwon kai da rashin barci. Ƙanwarta ta turo mata wata murya ta WhatsApp, wani mutum yana cewa mitocin nan suna fitar da rediyeshon mai kawo ciwon daji da hawan jini, wai Turawa sun ƙi su shi ya sa aka kwaso mana. Tun ranar Inna ta ce sai an ɓamɓare ta daga bangonta.

Shekaranjiya wani mai gyaran wuta na unguwa ya zo. Ya ce ba sai an cire ba, in ba shi dubu goma sha biyar zai raba layin, ɗakin Inna da firji su riƙa sha kai tsaye daga falwaya, mitar ta huta, rediyeshon ya ragu. Ya ce lafiyar uwa ta fi komai. Na ce masa ya ba ni kwana biyu.

Gaskiya hankalina ya rabu biyu. Ba na son sata, amma kuma ba zan iya kallon mahaifiyata da ɗankwali ɗaure a goshi kullum ba. Mitar nan tana cutarwa ko a'a?

UmmuKhalil:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Kafin maganar mita, an auna jininta kuwa? Ciwon kai na mako uku ga dattijuwa ba abin da za a zauna ana tambayar zaure ba ne, ɗan'uwa.

Mai_Ƙanƙara:
Kada ka yarda ya taɓa maka mita. Abin da ya kwatanta maka shi ne baifas, wato shan wuta ta bayan mita, ya dai sa masa riga da hula. In aka kama, kai za a kama, shi ya riga ya cinye dubu sha biyar ɗinsa. Tun farkon 2025 NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ƙara tarar: mita mai layi ɗaya naira dubu 100 karon farko, dubu 150 in an sake, mai layi uku dubu 200, in an sake dubu 300. Ban da kuɗin wutar da za a lissafa maka na baya.

Bakaben_Jega:
Ni dai ban yarda a ce babu komi ba. Mu nan da anka sa muna ita, maƙwabcina wata guda bai yi ba jiki nai ya rikice, kunne nai na ta ƙara. Kuma ku tuna da eriyar kamfunnan waya, da anka kahwa ta cikin unguwa mutane nawa sunka yi kuka? Abin da ido ba ya gani shi ka kashe mutum. Wanga abu a bincike shi da kyau, kar a ce muna jahilci ne kawai.

Injiniya_Kalgo:
@Bakaben_Jega ba wanda zai ce maka jahilci ne, tambaya ce mai kyau. Bari in ɗan yi bayani, a yi haƙuri da tsawonsa.

Da farko, ba kowace mitar kati ba ce mita mai wayo. Da yawa daga cikin waɗanda ke gidajenmu ba sa aika saƙo ko'ina. Ka sayi kati, a ba ka lambobi 20, ka danna, ta karɓa, shi ke nan. Wadda ake kira mai wayo ita ce wadda ke magana da kamfani da kanta: tana aika yawan wutar da aka sha, tana faɗa in an buɗe murfinta, kuma ana iya yanke ta daga ofis. Irin wannan yawanci akwai layin waya a cikinta, irin na wayarka ta hannu. Shi kuma ɗan abin da ke cikin ɗakin Inna, a yawancin mitoci ta cikin wayar wutar gidan yake magana da mitar, shi ya sa sai an jona shi a soket. Wasu kuma da igiyar rediyo mai rauni suke yi.

To, ko da mai layin waya ce, me take fitarwa? Igiyar rediyo, irin ta wayar salula da gidan rediyo. Wayar GSM ƙarfinta mafi yawa wat 2 ne, kuma a kunne kake manna ta, wani ya yi awa guda yana hira. Mitar kuwa tana aika ɗan gajeren saƙo ne ta yi shiru, kuma tana bayan bulo. Ƙarfin igiyar nan yana faɗuwa da sauri in ka matsa: in ka ninka tazara sau biyu, sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wayar da Inna ta saurari muryar nan da ita, in tana kwana da ita ƙarƙashin matashi, ta fi mitar kusa da kanta nesa ba kusa ba.

Sannan kalmar rediyeshon ce ke rikita mu. Hasken hoton ƙashi na asibiti rediyeshon ne mai iya lalata ƙwayar halitta, shi ya sa mai ɗaukar hoton yake ɓuya bayan katanga. Igiyar rediyo ba ta da wannan ƙarfin. Suna ɗaya ne, hali daban.

Shi kuma mai gyaran nan, maganarsa ko ta fuskar aiki ba ta tsaya ba. Rage wutar da ke bi ta mita ba ya rage saƙon da take aikawa. Ƙarya ce tsagwaronta.

Bakaben_Jega:
Injiniya na ji ka. Amma ɗiyana da ke karatu Aliero ya ce ita kanta Hukumar Lahiya ta Duniya ta sa wagga igiya cikin abubuwan da ka kawo kansa. Ita ma ƙarya ta kai?

Injiniya_Kalgo:
Yaronka bai yi ƙarya ba, Baba, amma maganar da sauranta. A 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa igiyar rediyo a rukunin da suke kira 2B. Ma'anar rukunin shi ne mai yiwuwa ne, amma hujjar ba ta da ƙarfi, a ci gaba da bincike. Abin da ya sa suka yi hakan kuwa binciken masu yawan manna waya a kunne ne, ba mita ba. Rukuni na 1 shi ne wanda aka tabbatar, nan taba sigari take, da giya. Kai, har naman da aka sarrafa irin na gwangwani sun sa shi rukuni na 1 a 2015.

Saboda haka in mutum zai ji tsoron 2B da gaske, wayarsa zai fara ajiyewa, ba mita ba. Ban ga mai aika muryar nan ya ajiye tasa ba, da ita ma ya naɗi muryar.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Ina goyon bayan @UmmuKhalil ɗari bisa ɗari. Yaya @Ɗan_Gesse, don girman Allah gobe da safe ka kai Inna a auna ta. Hawan jini ba ya sallama. Mun sha ganin dattawa suna shan farasitamol wata da watanni, sai an kawo su ɓari guda ya shanye.

Kuma ka duba lokacin da muke ciki. Zafin Birnin Kebbi a watan uku da na huɗu yana wuce digiri 40, jiki yana bushewa, tsoho kuma ba ya yawan jin ƙishirwa. Wannan kaɗai yana sa ciwon kai. Lokacin sanƙarau ne kuma, ba mu manta abin da ya faru a Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025 ba. In ka ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko amai, kada a jira gari ya waye.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba: akwai janareta kusa da tagarta? Naku ko na maƙwabta? Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, alamarta ta farko ciwon kai da jiri. Wannan ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya, kuma ba mu taɓa jin an yi mata murya a WhatsApp ba.

Ba na cewa Inna ba ta jin ciwo. Ciwonta gaskiya ne. Dalilinsa ake nema.

Malam_Na_Argungu:
Allah ya saka wa Injiniya da 'yar'uwa mai jinya. Ni ɓangaren da ya fi damuna shi ne yadda mai gyaran ya shigo da sunan uwa. Ya san inda zuciyar ɗa take da taushi, nan ya danna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shan wuta ta bayan mita cin dukiyar da ba taka ba ce, ko da me aka kira shi. Kuma ku duba abin da ake yi da wutar: da ita za a dafa ruwan shayi, da ita za a sanyaya ruwan buɗa-baki, da ita za a goge rigar Juma'a. Mutum ya yarda ya shigar da wannan cikin cikin iyalinsa saboda 'yan dubbai? Na san gidajen da maigida yake sahun farko a masallaci, amma wayar na nan ta bi ta bayan silin. Mun mai da abin kamar wayo, yara suna gani, suna tashi da shi.

Ɗana @Ɗan_Gesse, biyayya ga uwa ba ta bi ta wannan hanyar. Ka kai ta asibiti, ka nemi a matsar da mitar bisa ƙa'ida in ta dage. Shi ne biyayya.

Mai_Walda_Bayan_Kara:
Allah gafarta Malam, ban musa maka ba, sata haramun ce. Amma a riƙa faɗin gaskiya duka, kada a faɗi rabi.

Shekara shida ina biyan bil na kintace a shagona. Akwai watan da na yi jinyar ƙafa, shago a kulle da kwaɗo tun daga ɗaya ga wata har ƙarshensa, ko ƙwai ɗaya ba a kunna ba. Aka kawo mini bil ya fi na watan da na yi aiki. Na ɗingisa na je ofis da sandata, aka ce in biya tukuna sannan a duba. Har yau ba a duba ba. Wannan me sunansa, Malam?

Taransifomarmu ta ƙone, wata huɗu muna cikin duhu. Mu muka yi karo-karo, gida-gida, har da zawarawa masu sayar da ƙuli, muka sayi mai da waya, muka biya masu ɗaurawa. A wata huɗun nan bil bai fasa zuwa ba. Da aka gyara, taransifomar ta zama ta kamfani, ba tamu ba.

Ni na yi murna da mita, wallahi na yi, domin yanzu abin da na sha shi nake biya. Amma in ana wa'azin ɓarawon wuta a haɗa da mai karɓar kuɗin duhu. Talaka bai fara ba, ramawa yake yi.

Malam_Na_Argungu:
Malam mai walda, abin da aka yi maka zalunci ne, kuma wanda ya ci kuɗinka zai biya, in ba nan ba can. Ban taɓa kare su ba. Sai dai wanda aka zalunta haƙƙinsa yake nema a wurin wanda ya zalunce shi, gwargwadon abin da aka ci masa. Mai baifas wa ya auna masa gwargwado? Kuma wa yake ramawa a kansa? Ka tambayi Injiniya, ina jin ba kamfanin ne ke ɗaukar asarar shi kaɗai ba.

Ɗan_Yawuri:
Ba kamfani kaɗai ba ne kam, mu ne. Layinmu gida goma sha ne a kan taransifoma ɗaya ƙarama. Mutum uku suka zagaye mita. Wanda ba ya biya ba ya kashewa: hita a cikin bokiti tun asuba, risho na lantarki ana dafa wake, esi har da rana ba kowa a ɗaki. Da magariba wutarmu sai ta koma kamar fitilar aci-balbal, fanka tana juyawa kana ƙirga fukafukanta.

Ranar da abin ya faru ina zaune ƙofar gida. Wayar da ɗayansu ya ja daga falwaya siririya ce, irin ta cikin ɗaki, ba fiyus ba komai, an naɗe mahaɗin da leda. Sai na ji ƙauri kamar ana ƙona taya, na ɗaga kai na ga robar tana ɗiga tana ci da wuta a kan rumfar zana. Allah ya sa da rana ne, matasa suka yi ta watsa ƙasa. Akuya biyu suka mutu, yarinyarsa ta ƙone a hannu, tabon na nan har yau.

Ana maganar lafiya, to ga maganar lafiya. Ban taɓa ganin wanda mita ta kwantar ba, amma wannan da idona na gani.

Tsohon_Ma'aikacin_Wuta:
Na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin nan kafin in yi ritaya, bari in sa baki.

Abin da ya sa masu baifas ba sa son sabuwar mita a fili yake. Tsohuwar mai faifai ba ta magana, sai ma'aikaci ya zo ya gani da ido, kuma in ya gani ana iya sallamarsa a zaure. Sabuwar in aka buɗe murfinta tana kulle kanta, ba ta sake ba da wuta sai an karɓo lambobin buɗewa daga ofis. Mai wayon kuma tana aika rahoto. Sannan in aka sa wa taransifoma tata mitar, lissafi ne mai sauƙi: ga abin da ya fita daga taransifoma, ga jimlar abin da gidaje suka biya, ina sauran? Daga nan an san layin da za a bi.

Don haka duk wanda abincinsa yake cikin haɗin bayan fage, dole ya ƙi ta. Ba zan rantse cewa su suka ƙirƙiro zancen ciwon ba, domin zancen ya girme su, daga waje ya zo. Amma sun same shi sun rungume, ya zame musu jari.

Kuma in faɗi abin da ba na jin daɗin faɗa. Mai walda yana da gaskiya. Ba talaka kaɗai ke sata ba. Manyan gidaje da otal da masana'antu, abin da ɗaya zai sha ta bayan fage ya fi na unguwa guda. Kuma da wuya a yi babban haɗi ba da hannun wani na ciki ba. Na ga abokan aiki da aka kora a kan haka, na ga waɗanda ba a kora ba.

Amsar Malam kuwa: e, asarar tana shiga cikin lissafin farashin wuta. Mai biya da gaskiya shi ke ɗauke da wanda ba ya biya.

Gwaggo_Badariya:
Ni ciwon da mitar nan ta sa mini a aljihu yake. Da ina biyan dubu biyar a wata, yanzu katin dubu biyar ko kwana goma ba ya kaiwa. Ni da jikoki uku ne, firji ɗaya, fanka biyu, sai talabijin. Mutane suna cewa an saita ta ne ta riƙa gudu. Injiniya ɗana, gaskiya ne? Don ni na fara zargin ko wani ya jona a layina.

Injiniya_Kalgo:
Gwaggo, ga gwajin da za ki yi da kanki. Ki kashe komai na gidan, ki zare firji daga soket, sannan ki kalli 'yar jar fitilar da ke ƙiftawa a jikin mitar. In komai a kashe yake, ya kamata ta tsaya. In ta ci gaba da ƙiftawa, to akwai inda wuta ke zurarewa, ko wani ya jona, ko wayar gidan ta lalace.

Sannan ki duba rasit. Ba duka kuɗin ke zama wuta ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5, kuma in akwai tsohon bashin bil a kan gidan, ana yankar wani abu duk sayen kati. Ki duba kuma rukunin da aka sa layinku. Tun Afrilun 2024 aka ɗaga farashin Band A zuwa sama da naira 200 kowane yunit, bisa sharaɗin awa 20 na wuta a rana. Band B awa 16 ne, C 12, D 8, E 4.

Yunit ɗaya shi ne abu mai wat 1000 ya yi awa guda. Hita ko dutsen guga awa ɗaya sun cinye yunit ko fiye. Tsohon ƙwai mai wat 100 yana cin na sababbin farare kusan goma. Tsohon firji mai sakakkiyar roba kuwa ba ya hutawa.

In duk kin duba ba ki gamsu ba, hukumar NEMSA ce ke gwada mita, kina da damar neman a gwada taki. Koke kuma a rubuce ake kai shi ofishin kamfani, a karɓi shaida. In kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, sai a ɗaukaka zuwa zauren sauraron koke na NERC. @Mai_Walda_Bayan_Kara kai ma wannan hanyar ce taka, kuma tun 2020 NERC ta sa iyaka a kan bil na kintace.

Mai_Walda_Bayan_Kara:
Injiniya na gode, amma wanda ke neman na cefanen yau ina ya ga lokacin bin takarda ofis-ofis? Zan dai gwada, tunda rasit ɗina duka suna nan cikin leda.

Bakabiya_A_Waje:
Ina karatu a ƙasar waje, bari in gyara maganar nan ta cewa Turawa sun ƙi mitar. Ba haka ba ne. Italiya tun 2001 ta fara saka su, gidaje wajen miliyan 30, kuma ta cikin wayar wuta nasu ke aika saƙo. A Amurka ma yawancin gidaje suna da su.

Gaskiya ne an yi rigima, musamman a jihar Kalifoniya wajen 2010. Mutane sun yi kukan ciwon kai da rashin barci, irin na Inna sak. Majalisar kimiyya ta jihar ta yi nazari a 2011, ta ce abin da mitar ke fitarwa bai kai na wayar salula ba. Duk da haka a 2012 hukumar da ke kula da kamfanonin wuta ta jihar ta ba mutane zaɓi: wanda ba ya so ya riƙe tsohuwar mita, amma ya biya dala 75 da farko, sannan dala 10 duk wata.

An kuma yi gwaje-gwaje da masu cewa jikinsu yana jin igiyar. A sa mutum a ɗaki, a kunna na'ura ko a kashe ba tare da ya sani ba. Ba su iya bambancewa fiye da mai canki-canka. Amma ciwon suna jin sa da gaske in sun yi imani an kunna. Tsoro kansa yana sa ciwo.

Wata damuwar tasu ma daban ce: mita mai wayo tana nuna lokacin da kake gida da lokacin da ba ka nan, to wa ke riƙe da wannan bayanin? Mu ba mu ma fara wannan tambayar ba.

Bakaben_Jega:
To kin gani, ɗiyata. Su an ba su zaɓi. Mu wa ya tambaye mu? Sai dai ka dawo kasuwa ka ishe an kahwa ma abu ga bango, ba wanda ya zamna ya yi ma bayani da Hausa. Da an tara mutane ƙofar mai unguwa an yi muna irin bayanin da Injiniya ya yi, da wanga tsoro bai kai haka ba. Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta duka ba, amma na rage.

Sani_Mai_Caji:
Ni abin da ke ba ni takaici, layin da ya taso daga Kainji nan Birnin Kebbi yake sauka, daga nan a tura wa Sakkwato, a tura har Yamai. Mu da wutar ke bi ta kanmu mu ne muke kwana a waje saboda zafi. A fara ba mu wutar tukuna, sannan a zo ana maganar wa ya sata.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar ɗan'uwanmu. Kuma na goge saƙon wanda ya sa lambar waya yana tallar "gyaran mita". Ba a zauren nan ba.

Ɗan_Gesse:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da ake ciki.

Na kai Inna asibiti jiya. Jininta ya hau sosai, likita ya ce ba yau ya fara ba. An ba ta magani, an ce ta rage gishiri da dunƙulen miya, mu koma bayan mako biyu. Janareta babu kusa da ita, na duba.

Amma akwai abin da ban sani ba sai daren jiya. Na tashi wajen ƙarfe biyu na ga ɗakinta shiru, ba ƙarar fanka, alhali akwai wuta. Na leƙa. Tana zaune a bakin gado, zufa ta jiƙe mata riga, tana fifita da murfin kwali, idonta a kan ɗan allon nan tana kallon lambobin. Na ce Inna me ya sa kika kashe fanka? Ta ce tun da aka kawo abin nan take ganin kuɗina suna raguwa a gaban idonta, ta san yadda nake samo su, ba za ta kwanta iska na kaɗa ta ana cin guminna ba. Ashe kullum sai ta bari mun yi barci ta kashe. Kuma in katin ya kusa ƙarewa abin yana yin ƙara, sai ta kwana tana jiran a ɗauke.

Ban iya ce mata komai ba. Na kunna fankar, na zare abin na kai ɗakina.

Duk da haka da safe ta sake cewa ita dai a raba ta da mitar bayan ɗakinta, domin muryar nan ta ce ko a kashe take tana aiki. Na je ofis na tambaya, sun ce in rubuto takardar neman a matsar da ita, za su turo a duba, kuma akwai kuɗin aiki.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Alhamdu lillahi da aka gano. Yaya, maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi, ka riƙe wannan da kyau. In da hali ka sayi abin awo na gida. Kuma in matsar da mitar zai sa ta yi barci, ka matsar. Barcin kansa magani ne a wurinta.

Injiniya_Kalgo:
Ni da zan ba da shawara da na ce a bar ta inda take, domin in aka matsar, ƙanwar Inna za ta ce ai ga shi an tabbatar, muryar ta ƙara samun kasuwa. Amma uwa uwa ce. In za a yi, su kamfanin su yi da hannunsu, a ba ka takarda, kada wani ya taɓa hatimin.

UmmuKhalil:
Labarin fankar nan ya sa ni hawaye. Tawa mahaifiyar ma haka take kashe firji da dare, sai da safe mu tarar miya ta lalace. Allah ya saka wa iyayenmu da Aljanna.

Ɗan_Haya_Tudun_Wada:
Don Allah tunda masana na nan. Gidanmu na haya ɗaki takwas ne, mita ɗaya. Maigidan ya sa an zagaye ta tun kafin in shigo, amma duk wata yana karɓar dubu uku-uku a hannunmu da sunan kuɗin kati. In na yi magana zai ce in tashi, kuma ban da inda zan je da yara huɗu. In aka zo kamu wa za a kama, mu ko shi? Malam, ni ma ina da laifi a wurin Allah?

Malam_Na_Argungu:
Tambayarka tana da nauyi, ɗana, ba zan amsa ta da gaggawa a nan ba. Ka same ni ta akwatin sirri mu yi magana, ina son in ji yadda yarjejeniyarku take tun farko.

Ɗan_Gesse:
Mai gyaran ya dawo ɗazu bayan la'asar, ya ce ya rage mini zuwa dubu goma. Na ce masa a'a. Ya ce gida huɗu ya yi wa a layinmu, ni kaɗai ne zan zauna ina biya wa kowa. Takardar neman matsarwar na rubuta, gobe zan kai. @Tsohon_Ma'aikacin_Wuta Baba, in sun zo dubawa suka ga na maƙwabtan, za a ce ni na kai su ƙara, kuma da mutanen nan muke sallah. Yaya zan yi?